Numfashin Malam Gwadabe

Adila ce ta kashe Malam Gwadabe, kuma hassada ce ta sa ta. Ita da Rahmatu ma'aikatan jinya ne a wani asibiti a Haɗeja. Adila ta fi daɗewa, amma Rahmatu aka tura jami'a ta koyo kula da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Da ta dawo aka danƙa mata Gwadabe, tsohon masunci daga Baturiya, wanda sai da oksijin yake numfashi.

Daren da Adila ta karɓi aiki daga hannun Rahmatu, ta rage masa oksijin don gobe a ce karatun Rahmatu bai tsinana komai ba. "Yanzu zan dawo, Baba," in ji ta. Barci ya kwashe ta. Kafin asuba ya cika.

Bayan kwana uku ta tari adaidaita sahu da daddare, a hanyar bakin kogi. Ta tarar da fasinja lulluɓe da farin zanen gado, yana ƙarnin kifi. Ƙafafunsa na ɗigar ruwa, alhali rani ake. Numfashinsa da ƙyar yake fita.

"Baba, lafiya kuwa?"

Ya juyo. Ga shatin robar oksijin a kumatunsa.

"'Yata, kin ce za ki dawo."

Direban ya rantse ita kaɗai ya ɗauko. Shekara biyu ke nan Adila a zaune take barci. Da ta kwanta sai numfashinta ya ɗauke, kuma Rahmatu ce ke jinyarta.