Zif Ɗin Baya

"Wallahi kin cuce ni!"

Haka kawai na ji an faɗa a kaina, sai ga jiƙaƙƙiyar riga an dangwarar min a kan teburin kanti, ruwa ya fantsamo har cikin shayina.

Na ɗago a fusace. Dogon nan ne mai kai saƙo a babur, wanda ya sayi jaket a kantinmu kwanan baya, bayan ya kusa sa min hawan jini da gardama. Yana tsaye yana ɗigar ruwa kamar kazar da ta faɗa randa.

"Malam, ba a sallama ne a gidanku?"

"Salamu alaikum. Kin cuce ni!"

"Wa alaikumus salam. Me na yi maka?"

"Ba ke kika ce ruwa ba ya shigar ta ba? Dubi bayana! Har singileti sai an matse!"

Na jawo rigar na duba. Zif ɗin ƙirji a rufe, na hannuwa a rufe. Ina juya ta, sai ga dogon zif ɗin da ya ratsa ƙasan kafaɗa a hangame, ragar ciki tana leƙo ni.

"Wannan fa?"

Ya sunkuyo. "Wannan ɗin me?"

"Tagar baya ce, ta nan zafin jikinka yake fita. Ka rufe ƙofa, ka bar taga a buɗe, ka zo kana zagin magini!"

Ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi zif, ya dube ni, ya sosa ƙeya.

"Ai... ba ni da ido a baya."

"Kunne ma ba ka da shi. Sau nawa na faɗa maka ranar?"

Na so in ci gaba da ɗaure fuska, amma yadda ya tsaya yana tsiyaya a kan tayil ɗina ya sa dariya ta ƙwace min. Shi ma ya sa dariya. Wallahi tun daga dariyar nan ban ƙara samun sukuni ba.

Ranar da ya fara zuwa kuwa, baƙar jaket ta fata ya nuna, wai ta fi kyau a hoto.

Na ce, "Hoto za ka hau ko babur? Wannan in rana ta take dafa ka za ta yi, in ruwa ya sauko ta sha ta yi nauyi."

Ya koma kan ta leda. Na ce ruwan sama ba zai taɓa shi ba, amma gumi zai yi masa wanka daga ciki. Ya ɗauko ta raga zalla. Na ce wannan ko yayyafi ba ta tarewa, lokacin sanyi kuma sai dai a ɗauko shi a sandare.

"To, Likita, wace ce maganina?"

Na sauko masa da wadda na yarda da ita. Na juya cikinta na nuna masa yadda aka liƙe kowane ɗinki don kada ruwa ya bi ramin allura. Na ɓalle shafin ciki, wanda ake sawa da sanyi a cire da zafi. Na sa ya danna taurin da ke gwiwar hannu da kafaɗa da gadon baya. Na sa ya miƙe hannu kamar ya riƙe kan babur, don riga a zaune ake auna ta, ba a tsaye gaban madubi ba. Sannan na buɗe masa tagogin iska.

"In zafi ne ka buɗe, in ka ga hadari ka rufe. Dukansu!"

Duk wannan bai dame shi ba, kalar ce ta tsaya masa a rai.

"Rawaya? Ni ayaba ce?"

"Direban babbar mota ba ya ganin baƙi cikin ruwa. Ayaba kuwa yana ganin ta."

Tun ranar nake kiran sa Sarkin Gardama, shi kuma ya liƙa min Likita.

Bayan wankan da ya sha, sai ya tsiro da sabon salo. Da zarar hadari ya haɗo, sai in ji ƙarar baburinsa a ƙofar kanti. Ya shigo, ya tuɓe rigar ya ajiye a gabana.

"Likita, zif ɗin bayan nan ya cije."

In ja shi, ya tafi sumul.

"Lafiyarsa ƙalau."

"Hannunki yake ji. Ni in na taɓa, cijewa yake."

Ƙarya tsirara! Amma ban taɓa cewa ya daina ba. Ni da ba na ƙaunar ganin hadari, sai ga ni ina leƙen sama ina jin haushin rana.

Wata rana da na miƙa masa, bai karɓa da wuri ba.

"Likita..."

"Na'am?"

"So nake ki riƙa rufe min shi a gida."

Na shiga gyara safunan hannu da ba su baje ba.

"Kin yi shiru, masoyiya."

"Ina so," na faɗa can ƙasa. "Amma Umma ba za ta yarda ba."

Kantin nan na Abbanmu ne, kayan gyaran babur yake sayarwa a da. Abba mutum ne da ba ya tsaya wa ruwa, kullum cewa yake shi ba gishiri ba ne. Wata rana Umma ta ce masa ya dawo da wuri, za a yi baƙi. Ruwa ya ɓarke, ya taho a cikinsa, babur ya zame da shi a kwana. Umma tana tsaye a tagar falo tana jiran sa aka zo da labarin rasuwarsa. Shi ya sa da kantin ya dawo hannuna na cika shi da hular kwano da riguna. Ita kuwa Umma, har yau in ruwa ya sauko sai ta je tagar nan ta tsaya, ko ba kowa nata a waje.

Da na faɗa mata, ko ɗagowa ba ta yi daga ninkin kaya ba.

"Me yake yi?"

"Kai saƙo... a babur."

"A'a."

"Umma, ki gan shi tukuna! Yana da hankali, kullum da hularsa, da rigarsa, ni ma nake rufe masa zif in ya cije..."

"Auta!" Ta ajiye zanin da ke hannunta. "Na yi tsayuwar taga, na san ɗacinta. Ba zan haife ki in bar miki ita gado ba."

Na yi kuka har idona ya kumbura. Abin da ya fi ƙona min rai, ban ga laifinta ba.

Ana haka sai ga Ɗan Goggo ya sako kai. Ɗan yayar Abba ne, ya daɗe yana zagaye na, ni kuwa ko a jikina. Mota gare shi, kuma ba ya bari a manta. Ko ruwa ya zo sha, sai ya ajiye makullin a inda zai yi ƙara.

"Umma, ni fa tausayin Auta nake ji," ya ce yana kaɗa ƙafa. "Masu kai saƙon nan ba su san birki ba. Ni kuwa ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, gilas kawai zan ɗaga."

Na ce, "Yaya, gilas ɗin zan aura?"

Umma ta harare ni, na kama bakina.

Na daina cin abincin kirki, ba don yaji ba, ya ƙi shiga ne kawai. Umma tana kallo. Ranar nan ta leƙo ɗakina ta ce, "Ki ce ya zo ranar Asabar da yamma. Gaisuwa kawai, ban ce na yarda ba."

Asabar ta zo, tun azahar gari ya yi baƙi ƙirin. Na share falo na sake sharewa. Ɗan Goggo ya iso ba a gayyace shi ba, wai ya biyo hanya ne. Ya ɗan zauna, ya fita baranda da waya a kunne, ya dawo yana murmushi.

Sai ruwa ya tsuge.

Ban taɓa ganin irinsa ba a shekarar. Titin gidanmu ya zama rafi. Na kira Sarkin Gardama, layi ya ƙi shiga. Na sake kira, shiru.

Umma ta miƙe ta tafi taga.

Ni ma na samu kaina a bayanta. Sai ranar na ɗanɗana abin da take faɗa. Addu'a biyu ke faɗa a bakina: Allah ya kawo shi, Allah ya hana shi tahowa.

Lokaci ya wuce, ya ƙara wucewa.

"Kun gani ko?" in ji Ɗan Goggo. "Ranar farko ke nan, ya shanya babbar mace. Ni da ba a kira ba ma ga ni."

Ba wanda ya kula shi.

Sai da ruwa ya tsagaita ya koma yayyafi, na hango rawaya ta karyo kwana a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Ga shi nan!" Ban san na yi ihu ba.

Ya cire hula da takalmi a ƙofa, ya rataye rigar a jikin kujera, ya durƙusa har ƙasa. Farar rigarsa ta ciki a bushe ƙayau.

"Umma, ina wuni. Ki gafarce ni, na makara."

Umma ta zauna, fuska ba walwala. "Me ya tsare ka?"

"Ruwa ne, Umma. A gidan mai na fake."

"Ba an ce rigar taka ba ta shan ruwa ba?"

"Ba ta sha. Amma ruwa take tarewa, ba ta tare santsi." Ya sunkuyar da kai. "Na samu saƙonki, na kuma san abin da zan rasa. Wallahi sau biyu ina tada babur ina kashewa. Sai na ga gara in zo a makare ki kore ni, da a kawo miki labarina."

"Wane saƙo?"

"Da aka fara yayyafi wani ya kira lambar da ke jikin akwatina. Ya ce kin ce in ban iso yanzu-yanzu ba, ko ana ruwan wuta, kada in ƙara tako gidan nan."



Umma ta juya a hankali ta dubi Ɗan Goggo. Ya shiga laluben makullinsa, ga shi kuwa a hannunsa.

"Umma, gwaji ne kawai... don a ga ko da gaske yake..."

"Da sunana?" Muryarta ta karye. "Da sunana ka ce wa ɗan mutane ya taho cikin ruwan nan? Ni da sau ɗaya na ce wa mutum ya yi sauri, har yau ban gama biya ba?"

"Umma..."

"Tashi ka tafi. Ka gaida Goggon."

Ya fita sumui-sumui, makullin ko ƙara bai yi ba.

Umma ta sa gefen mayafi ta goge ido. Ni kuwa hawaye na bar su suna zuba, ban ko ji kunyar baƙo ba. Ta daɗe tana kallon Sarkin Gardama, shi kuma kansa a ƙasa. Yau ba gardama.

"Auta, kawo masa shayi. Ko haka za ki tsaya kina kallon sa?"

Ta tambaye shi iyayensa, da inda yake zaune, da ko yana cin abinci a kan lokaci. Da garin ya ɗan washe, iska mai ɗumi ta taso, ya yi sallama, ya buɗe tagogin rigarsa ya saka. Sai ga wani hadarin yana sake haɗowa daga gabas. Ya yi maza ya rufe na ƙirji, ya rufe na hannuwa, ya nufi ƙofa.

"Dawo nan," in ji Umma. "Miƙo ta."

Ya tuɓe ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya rigar, ta laluba ƙasan kafaɗa, ta kama zif ɗin baya ta ja. Ya tafi sumul.

"Wannan ne mai cijewar?"

Ni na rufe fuska da tafin hannu. Shi kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Wani lokacin ne, Umma..."

"Uhm. Na ga alama." Ta miƙa masa. "Yau ni na rufe. Ka turo manyanka, daga nan mai gyaran ta ci gaba da aikinta. Allah ya tsare hanya, ɗana."

Ɗana!

Na raka shi ƙofa. Ya sa hula, ya ɗaga gilashinta, idonsa ya yi ja.

"Likita, na warke."

"Sarkin Gardama, ka tafi a hankali."

"Ayabarki ce, ba za ta zame ba."

Bai daɗe da karya kwana ba ruwan ya dawo. Na ruga taga na dafa ƙarfen, ina leƙen titi. Sai na ji kujera ta yi ƙara a bayana. Na waiga. Umma ce ta zauna, ta jawo kwandon ninkinta, ruwa yana dukan kwano amma ko kallon taga ba ta yi ba.

"Auta, taso daga nan ki kama min zanin nan," ta ce. "Wannan in ya ga ruwa tsayawa yake."