Ƙuri'ar Ammon da Auren Kendra

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, muna zaune a ɗakin girkin ƙanena Harlan Dykstra. A garinmu na arewacin Iowa, wanda ya ƙi zama shan gahawar bayan coci, to ko dai ba shi da lafiya, ko kuwa yana gaba da masu gida. Verla matarsa ta jera kofuna tana yanka burodin kirfa, shi kuwa gogan naka sai zuba yake a kan ɗan takararsa na shugaban ƙasa, wanda ya kafa wa ƙaton allo a bakin hanya tun kafin a girbe masara.

"Ni fa na gaji da maganar nan, Yaya Wilma!" ya ce da ni yana dukan tebur. "Wai mutumin ɗan ɗarikar Mormon ne, ba irin cocinmu ba. To sai me? Shugaban ƙasa za mu zaɓa ko fasto? A duba aikinsa mana!"

Wata huɗu ke nan muna shan wannan karatu, safe da yamma. Ashe akwai mai saurara da kunne biyu: Kendra, 'yarsa ɗaya tilo, malamar firamare mai shekara ashirin da biyar. Sai ga ta ta shigo, bayanta Ammon Tuttle, likitan dabbobin da ya zo daga Idaho, wanda ya shekara yana duba shanun Harlan. Kullum iyakarsa garke, bai taɓa shiga cikin gida ba.

"A'a! Likita da kansa!" Harlan ya washe baki. "Zauna, zauna. Yaron nan hannunsa da albarka, Yaya. Verla, zuba masa."

"Na gode, Mama, ba na shan gahawa," in ji Ammon.

"To shayi fa?"

"Shi ma haka, ki yi haƙuri."

"Ulsa gare ka?" Harlan ya tambaya cikin tausayi.

"A'a, Baba. Addininmu ne ya hana. Ni ɗan Mormon ne." Ya gyara zama. "Kuma na zo ne neman izininka. Ina son auren Kendra."

Verla ta tsaya da buta a hannu har gahawa ta cika kofi ta malala a kan tebur. Kendra na ta murmushi, baiwar Allah, ita a ganinta an gama magana, tunda da kunnenta ta ji uban yana cewa to sai me.

Ku ji abin da Harlan, dattijon coci, ya yi. Mutumin da ko ciyawar ƙofar gidansa ba ya yankewa ranar Lahadi, shi ne ya fita cikin dusar ƙanƙara, ya tayar da tarakta, ya ɗaura wa allon nan sarƙa ya tumɓuke shi, duk masu wucewa suna kallo. Na bi shi har bakin hanya.

"Harlan, kanka ɗaya kuwa? Ba kai ne ka ce a duba aiki ba?"

"Na ce! Amma yanzu na sake tunani. Abin da mutum yake bauta wa shi ke juya shi. Ta yaya za a ce ba ruwan mai zaɓe da shi?"

"Cikin minti goma ka sake tunanin?"

"Yaya, ki ƙyale ni. Ba ƙasa ba, ba 'ya ba, ba abin da zan danƙa musu!"

Ai kuwa gidan ya zama gidan makoki. Da farko ya ce tsoronsa haikalinsu ne: ya ji in suna ɗaura aure a can, wanda ba nasu ba ba ya shiga, ko da uban amarya ne, sai ya jira a waje kamar direba. A nan kam na tausaya masa, don 'yar ke nan guda. Amma Kendra ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Baba, wa ya ce maka zan bar cocinmu? A nan za a ɗaura, kai za ka riƙe hannuna. Mahaifiyarsa tana can Idaho kwana uku tana kuka saboda ɗanta ba zai yi aure a haikali ba. Ya haƙura da wannan saboda ni. Me kuma kake so?"

Kuna tsammani jikinsa zai yi sanyi? Ina! Aka toshe wannan rami, ya haƙa wani.

"Mutane ne da ake ja da igiya," ya ce. "Abin da manyansu suka faɗa shi suke yi, har wajen ƙuri'a. Ki kira mini shi."

Ammon ya zo, hula a hannu. Saura sati uku a yi taron fid da gwani na jam'iyya, inda mutanen unguwa ke haɗuwa kowa ya rubuta sunan wanda yake so.

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji Harlan. "Ka yi mini alkawari a gaban matan nan cewa ba za ka zaɓi ɗan cocinku ba. In na ga kana iya juya wa naku baya, na san kai mutum ne mai kansa. Sai in ba ka Kendra."

Na ga Kendra ta saki ajiyar zuciya, har tana share hawaye. Amma yaron nan sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ka sa ni kowane aiki zan yi. Amma wanda zan zaɓa, ba zan faɗa ba, ba kuma zan yi alkawari a kansa ba."

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! To babu aure. Ga ƙofa nan."

Da yamma su biyun suka taru a falona, Kendra kamar ta cinye shi ɗanye.

"Haba Ammon! Haba! Kai da ba ka ma son mutumin! Tun watan tara kake cewa bai san komai a kan noma ba. Kalma ɗaya fa, ka faɗi gaskiyar da ke ranka, shi ke nan an wuce wajen. Wannan wane irin taurin kai ne?"

"Kendra, in na faɗa, ba ni zai karɓa ba. Zai karɓi ɗan Mormon ɗin da ya guji nasu ne. Gobe kuma sai ya ce in kurɓi gahawa ya gani, jibi ya ce in daina zuwa coci. Ina za a tsaya?"

"To ni zan faɗa masa!"

"Don Allah kada ki yi. Ke ma, Gwaggo, na roƙe ki."

"Kin ga, Gwaggo, kin gan ni nan? Tsakanin jakuna biyu Allah ya ajiye ni!" Ta fashe da kuka, ta cire zoben da ya ba ta, ta ɗora a kan tebur, can kuma ta ɗauke abinta ta mayar.

Ni kaina raina ya ɓaci da yaron. Na ce masa, "Ɗana, gaskiyarka ce, amma gaskiyar da za ta bar yarinya da kumburarrun idanu sai a yi mata sassauci." Ya ce ya ji. Bai sauya ko gezau ba.

Sati ukun nan ban ga rana ɗaya mai daɗi ba. Kendra ta rame, tana zuwa makaranta da jajayen idanu, amma ba ta taɓa ɗaga wa uban murya ba, ba ta kuma fasa kai masa abinci garke ba. Verla ta daina yi wa mijin magana sai da hannu. Ammon kuwa bai fasa zuwa duba shanu ba. Ya gaishe da Harlan, Harlan ya juya masa ƙeya, shi kuma ya zaro koren biron nan nasa ya rubuta maganin kowace saniya a takarda, da karkataccen rubutunsa na bahago, ya manna a jikin ƙofa ya tafi.

Ranar taro, ƙarfe bakwai na yamma, mu sittin da ɗaya muka hallara a zauren makarantar firamare, kowa cikin jibgegiyar rigar sanyi. Aka kira mai magana da yawun ɗan takarar Mormon. Sunan Harlan ne a rubuce tun tuni. Ya naɗe hannu ya kafa wa silin ido, har aka gaji aka wuce. Aka raba 'yan takardu. Ina gefensa, da idona na ga ya rubuta sunan wani ɗan takara da ya yi wata huɗu yana kira holoƙo hadarin kaka. Aka zagaya da tsohuwar robar ayis-kirim kowa ya jefa tasa.

Mai ƙirga mana kullum yana kwance da mura, don haka shugaban taro ya waiga ya ce, "Dattijo Harlan, kai da Wilma ku taimaka." Shi yana warwarewa, ni ina karantawa da ƙarfi. Mun yi wajen arba'in, sai na ji hannunsa ya tsaya. Na leƙa. Koren biro, rubutu a karkace.

Ba sunan ɗan Mormon ba ne. Ba kuma sunan holoƙon da Harlan ya koma wa ba ne. Sunan wani ɗan takara ne na can ƙasan layi, mai yawan maganar ƙananan gonaki, wanda ko allo ɗaya ba shi da shi a gundumarmu. A duk zauren ƙuri'a ɗaya tal ya samu, har mutane suka yi dariya da na karanta.

Harlan bai yi dariya ba. Ya dubi takardar, ya dubi can bayan zaure inda Ammon ke tsaye shi kaɗai yana ɗaura igiyar takalmi, bai ma san abin da ake ciki ba.

A mota na sauke masa kwandon da na daɗe ina ɗauke da shi.

"To, malam mai gane waɗanda ake ja da igiya! Yaron ya zaɓi wanda ya ga ya dace, ba don cocinsu ba, ba don kai ba. Kai fa? Wa ka rubuta?"

"Yaya..."

"Kar ka yi mini wani Yaya! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun muna yara haka kake, in ka yi fushi da kaza sai ka ƙi cin ƙwai."

Ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce.

Washegari da sassafe na tafi gonar, don na rantse ba za a yi wannan ba ni ba. Na tarar da Ammon durƙushe yana duba kofaton wata saniya, Kendra na riƙe da igiya, Harlan na ta kai-kawo a bayansu kamar mai neman abin da ya yar. Da ƙyar ya buɗe baki.

"Na ga takardarka jiya."

Ammon ya ɗago. "Kai, Baba! Ai bai kamata mai ƙirga ya riƙa gane rubutun mutane ba."

"Ka daina yawo da koren biro mana! Me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"Ƙuri'ata ba sadaki ba ce, Baba."

"Ka san saura ƙiris ka rasa ta?"

"Na sani. Sati uku ban ci abincin kirki ba."

Harlan ya cire hula ya sosa sanƙonsa. Muryarsa ta yi ƙasa, irin yadda ban taɓa ji ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

"Ni kuwa na rubuta sunan mutumin da na san ko akurkin kaji ba zai iya riƙewa ba. Na ce don addini ne. Ƙarya nake, haushi ne." Ya juya ga 'yarsa. "Kendra, kin yi haƙuri da uban da bai cancanta ba. Ki je ki gaya wa uwarki ta fara lissafin baƙi, ko ta sake yi mini magana."

Kendra ta saki igiyar ta ruga ta rungume shi tana kuka tana dariya. Saniya ta samu sarari ta yi waje, likita ya bi ta da gudu cikin ƙanƙara.

An ɗaura aure a watan shida, lokacin da masara ta kai gwiwa. Mahaifiyar Ammon ta zo daga Idaho, suka zauna ita da Verla a benci ɗaya suna karɓa-karɓa da hankici. Kada ku ɗauka Harlan ya yarda da koyarwar Mormon. Har yau in suka haɗu sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki sun yi ta musu, kowa na kan bakansa, sannan su tashi su tafi duba shanu tare.

'Yan mata da samari, ku ɗauki abin da za ku ɗauka. Haƙurin Kendra bai faɗi ƙasa banza ba, kuma wanda ya ƙi sayar da gaskiyarsa don ya sami mata, shi ne wanda ba zai sayar da matar ba. Addinin mutum kuwa, ɗan takara ne ko mai neman aure, in kuna son ganinsa kada ku tsaya a sunan cocinsa, ku dubi abin da yake yi ranar da gaskiya za ta jawo masa asara. Amma ku yi wannan duban kafin ku yanke hukunci. Kwana biyu bayan taron nan, Harlan ya je har gidan shugaban taro ya tambaya ko zai iya sauya ƙuri'arsa. Mutumin ya ce masa an riga an aika da sakamako. Auren dai an gyara shi, amma ƙuri'ar ƙanena tana nan har gobe a lissafin mutumin da ya fi rainawa a duniya.