Kukan Aro

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan ne gab da magariba, lokacin da inuwar katanga ta gama cinye tsakar gida. Matar Darakta tana kwashe shanya daga igiya. Ta ɗaga kai, ta ce a ranta yaran maƙwabta ne, ta ci gaba da ninke kaya. Na biyu ya faɗo, na uku ya bi bayansa, a hankali, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya tabbata akwai mutane a ciki.

Darakta bai ji ba. Yana ɗakin da yake kira ofis, wanda a da ɗakin ajiye tarkace ne, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya kafa wa kwamfuta ido.

Shekararsa goma sha tara a harkar fim. Shi ke rubuta labari, shi ke ba da umarni, shi ne jarumi, in mai fitowa a mugu bai zo ba ya manna gemu ya zama mugun, sannan ya dawo gida ya tace fim ɗin da hannunsa. Finafinai ashirin da shida ya yi, babu wanda ya kwana bakwai a bakin mutane. A unguwa Mutu-ka-tashi ake ce masa, saboda akwai fim ɗin da ya mutu a tsakiya, sai kuma aka hango shi a sahun masu kai gawarsa, don mutane ba su isa ba ran nan. Yana dariya in an kira shi da sunan. In ya shiga gida dariyar takan tsaya a bakin ƙofa.

Wannan na ashirin da bakwai kuwa daban yake. Da ya rasa jaruma, sai ya sa Auta, ƴarsa da ta gama sakandare, ta fito a yarinyar da mahaifiyarta ta rasu. Sun yi ɗaukar a wani kangon gida a bayan gari, wanda aka gina rabi aka watsar, ba mai tambayar kowa komai. Sun jira faɗuwar rana, don ba su da fitilu, hasken yamma kuwa kyauta ne. Matsala ɗaya ce: Auta ba ta iya kuka ba. An shafa mata man zafi a ƙarƙashin ido, hawaye ya zubo, amma da ta buɗe baki sai dariya ta kubce mata. Sau tara suna maimaitawa har duhu ya kore su.

Da ya dawo gida yana sauraron abin da makirufo ya kwaso, sai ya ji shi. Can ƙarƙashin motsin iska akwai kukan wata mace, ƙasa-ƙasa, irin kukan da mai shi ya riga ya gaji amma ya kasa dainawa. Ya san babu wata mace a kangon sai Auta. Ya daɗe zaune. Sannan ya yi abin da hannunsa ya saba: ya ciro kukan, ya share masa ƙura, ya ɗora shi a kan bakin Auta. Kukan ya zauna daram kamar dominta aka yi shi.

Ɗan kasuwar da ke sayen finafinai ya kalli wannan fitowa guda ɗaya tak, ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce a kammala cikin mako biyu, shi da kansa zai kai shi manyan gidajen kallo. Tun da Darakta ya fara sana'ar nan, ran nan ne kawai aka raka shi har bakin titi.

Aikin tacewa kuwa aikin maimaici ne. A kunna, a tsayar, a mayar baya, a sake kunnawa. Kwana uku ke nan yana yi, yana daidaita kowane jan numfashi da motsin leɓe.

Yana cikin haka matarsa ta banko ƙofa, ta fizge shi a kafaɗa. Ya zare abin sauraron daga kunnensa. Kukan bai yanke ba. Yana nan, shi ɗin dai, da wurin da muryar ke karyewa, sai dai yanzu daga ɗakin Auta yake fitowa.

Auta na zaune a gefen gado, bayanta a miƙe, idanunta a buɗe ba ta kallon kowa. Bakinta ne kawai ke aiki. Uwar ta rungume ta tana kiran sunan Allah. Darakta ya koma ofis da gudu don ya ɗauko waya, gwiwar hannunsa ta danne maɓallin tsayarwa. Gidan ya yi tsit. Ya tsaya yana kallon kwamfutar. Ya miƙa yatsa, ya sake dannawa, kukan ya ɗora daga inda ya tsaya, ta bayan bango. Ya kashe da sauri.

Bai gaya wa kowa ba.

A asibiti an auna jini, an haska ido, an ce ta huta. Ya rantse wa kansa ba zai ƙara taɓa wannan fitowa ba, saura ma kwana goma sha ɗaya. Amma fim ba ya haɗuwa sai an kalle shi daga farko zuwa ƙarshe, kuma duk sanda ya zo wurin sai ya ce sau ɗaya kawai, ya rage murya, kamar rage murya zai rage wani abu. Kullum da magariba duwatsu na sauka, in an duba kan kwano ba a ganin ko tsakuwa. Bayan duwatsun sai a ji wata murya a bayan tagar ofis tana ƙidaya, ƙasa-ƙasa, lamba ɗaya bayan ɗaya. Auta ta daina cin abinci. Wuyanta ya zurma, muryarta ta dushe, in ta farfaɗo sai ta ce, “Mama, maƙogwarona,” ta koma ta kwanta. Maƙwabta suka fara janye yaransu daga ƙofar gidan.

Ran kwana na takwas matar ta yafa mayafi ba ta nemi izinin kowa ba. Ta dawo da wani dattijon malami mai koyar da manya karatu a bayan kasuwa, ɗan siriri, mai tafiya da sanda. Ya zauna a kan tabarma, ya sa aka zaunar da Auta a gabansa, uwar na riƙe da ita. Rana na shirin faɗuwa. Ya fara karatu, ba ihu ba bugu, murya ɗaya, kamar ruwa na ɗiga a wuri guda. Duwatsu suka fara sauka. Bai ɗaga kai ba. Can jikin Auta ya sanƙare, kanta ya juyo a hankali, ba wajen malam ba, wajen ubanta da ke raɓe a bakin ƙofa.

“Wane ne kai?” in ji malam.

“Mai gidan da aka shiga ba sallama.” Muryar tsoho ce, mai kauri, ba ta da alamar fushi, abin da ya fi ba da tsoro ke nan.

“Me yarinyar nan ta yi maka?”

“Ba ta yi mini komai ba. Tambayi wancan mai gemun aro.”

Malam ya waiwaya. Darakta ya sunkuyar da kai.

“Ran da suka zo, ran nan muka binne ɗanmu,” in ji muryar. “Suka tattake mana tsakar gida, suna ihu a fara, a tsaya, a sake. Na ce a ƙyale su, ƴan Adam ne, ba sa gani. Matata na kuka a ƙurya. Kuka ai yakan ƙare, malam. Ana yi, a gaji, a haƙura. Sai wannan ya kwashe nata ya zuba a ƙarfe. Duk sanda ya danna abin nan, sai ta koma ranar, ta ga gawar ɗanta sabuwa. Ina ƙirgawa. Sau ɗari huɗu da goma sha ɗaya ta binne yaron nan.”

Matar Darakta ta saki wani sauti kamar an taka ta. Ta dubi mijinta. “Ka sani? Baban Auta, dama ka sani?”

Ya kawar da fuskarsa.

“Shi ya ɗora kukan matata a bakin ƴarsa,” muryar ta ci gaba. “Ni cika masa aikinsa na yi. Zan zauna har ta biya adadin.”

“Ba za ta kai ba, ka sani,” in ji malam. “Ka ɗanɗana rasa ɗa. Kana so wannan baiwar Allah, uwarta, ta ɗanɗana? In ta yi kukan, matarka za ta samu sauƙi?”

Wani dutse ya gangaro a kan kwano ya tsaya.

“To a mayar mana da abinmu. Duka. Kada ya rage ko numfashi ɗaya.”

Darakta ya shiga ofis ya ɗauko kwamfutar, ya durƙusa a gaban malam, ya goge sautin kowa na gani. Ya ɗauko faifan ajiya, ya fita tsakar gida, ya sa guduma. Ya dawo yana haki.

“Shi ke nan?” malam ya tambaya.

“Shi ke nan, Allah gafarta malam.”

Bakin Auta ya karkace. “Ɗan wasa dai ɗan wasa ne. Na bayan murfin wayarka fa?”

Tun shekarar da wuta ta ƙona masa fim sukutum, Darakta ba ya ajiye aiki ƙasa da wuri uku. Ya ɓalle murfin wayar. Ga ɗan memori nan, bai kai farcen yatsa ba. Ya riƙe shi a tafin hannu, sai ya durƙusa, ya fuskanci ƴarsa yana roƙon abin da ke cikinta kamar yadda ya saba roƙon masu kuɗi.

“Ranka ya daɗe, sau ɗaya. A nuna shi sau ɗaya kawai, in ƙona da hannuna. Shekara goma sha tara ana yi mini dariya. Ban taɓa yin abin da ya sa mutum ya cire tabarau ba sai wannan.”

“Wannan ɗin ma ba kai ka yi ba,” in ji muryar.

“Ka ji tsoron Allah!” matarsa ta daka masa tsawa. “Dubi wuyanta! Fim ne zai kira ka baba?”

Malam ya juya ga Auta. Ya ɗaga hannu, ya sassauta karatun da yake yi a ƙasan leɓe. Idanun Auta suka kaɗa, suka dawo nata. Ta dubi ubanta, da ƴar muryar da ta rage mata ta ce, “Baba, na gaji. A ce kot mana, a tsayar da ɗaukar.”

Darakta ya sa memorin tsakanin haƙoransa ya gartsa. Ya tofar da gutsattsarin a hannu, da ɗan jini, ya ajiye a gaban malam.

“Ka samu abinka,” in ji malam. “Ka yi alkawari da Wanda ya halicce mu da ku ba za ka dawo ba.”

“Na yi. Yau matata za ta yi barci.” Sannan muryar ta ƙara da cewa, “In kun sake shiga kango, ku yi sallama. Ba a biyan kuɗinta.”

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. A kan kwano babu motsin komai. Daga nesa aka fara kiran sallah.

Fim ɗin ya fito a yadda ya rage. A wurin kukan, bakin Auta na buɗewa babu sauti. Ɗan kasuwa ya kalla, ya ce ba wannan aka nuna masa ba, bai ko tashi daga kujera ba. A ƙaramin gidan kallon unguwa da aka haska shi, da aka zo wurin sai ƴan kallo suka hau bubbuga benci suna cewa sauti ya ɗauke. Wani daga baya ya ɗaga murya: “Mutu-ka-tashi, wannan karon muryar ce ta mutu?” Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Ya dawo gida da yamma. Matarsa har yanzu ba ta yi masa magana sai ta dole. A tsakar gida Auta na zaune da kwanon abinci a cinyarta, ta ga ya shigo da gemun aro rataye a aljihu, wani yaro ya manna masa takarda a baya bai sani ba. Ta fashe da dariya, irin wadda ta ɓata musu ɗauka sau tara, har tana ƙwarewa.

Dariya ce mai kyau, tas, ba hayaniya a bayanta. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, wajen na'urar ɗaukar sauti. Ya taɓa ta. Sannan ya zare hannun, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya saurara har ta gama.