Tsohon Injin Zarto

Mako uku wani kafinta ya yi yana zaɓen injin zarto, ƙaninsa na biye da shi shago-shago. Ƙanin ya ce a sayi sabo. Shi kuwa sai ya shafa haƙoran wani tsohon inji da aka ciro daga shagon da ya daɗe a rufe, ya ce, "Wannan ƙarfen zamanin da ne. Sababbin naka gwangwani ne da fenti." Akwatin da ke ƙarƙashin injin cike yake da garin katako wanda ya daskare kamar ƙasa. Mai sayarwa ya ce mai shi na da bai taɓa kunna shi ba sai ya ƙwanƙwasa akwatin sau uku. Kafinta ya yi dariya.

Shagonsa a ƙofar gidansa yake. Rana na faɗuwa suka sauke injin, ya kasa haƙuri zuwa safe. Ya kunna, bai ƙwanƙwasa ba. Zarton ya yi ƙara irin ta abin da ya ci ƙashi, alhali ba katako a kai, jini ya fantsama a bango.

Kwana uku, da zarar duhu ya fara sauka, sai ƙusoshi su riƙa zubowa a tsakar gida kamar ƙanƙara. Guduma ta tashi da kanta ta fasa wa ƙanin goshi. A rana ta huɗu babbar 'yar kafinta ta ajiye tsintsiya, ta shiga shago, ta ɗora hannunta na dama a teburin injin. Babu wuta a unguwar, amma zarton ya soma juyawa. Maza uku suka janye ta da ƙyar, ta karya wa ɗaya haƙarƙari.

Aka kira wani tsohon malami. Ya zauna a kan benci, ya daɗe yana karatu, sannan ya dubi yarinyar ya ce, "Wane ne kai?"

Murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar. "Shekara arba'in ina cikin akwatin nan da iyalina. Akan ƙwanƙwasa, mu kauce. Wannan ya yanke wa ɗana hannu. Hannu nake so."

"Ba ita ta kunna ba."

"Shi ɗana me ya yi?"

"A bar maka injin, a kai shi inda ka zaɓa."

"Da ƙarfe zai ci abinci?"

Malam ya ɗaga murya da karatu. Aka maka yarinyar da bango, jini ya ɓalle mata ta hanci. Muryar ta yi dariya. "Ci gaba, malam. Jikinta ne."

Kafinta ya miƙe a hankali. "Ni na kunna," in ji shi, ya shimfiɗa hannunsa a teburin.

Matarsa ta riƙe masa riga. "Maigida, da me za ka yi aiki?"

Bai waiwaya ba. Malam ya ce wa aljanin, "Ganganci ya yi, ba mugunta ba. Ganganci ba ya cin hannu ɗungurungum."

"Yatsu uku."

"Biyu. Kuma ka rantse ka bar gidan nan, kai da zuriyarka."

Muryar ta rantse, zarton ya juya sau ɗaya, ya tsaya.

Yarinyar ta yi atishawa ta buɗe ido. Ta dubi hannayenta, ta dubi ubanta yana durƙushe, ya matse nasa a ƙirji.

"Baba, me ya same ka?"

"Aiki ne, uwata," in ji shi. "Miƙo min tsumma."