Kaset ɗin Safa

Ranar kasuwar Gummi Murjanatu ta fara tsayawa gaban rumfar Mas'ud, rungume da wani abu cikin ɗankwali kamar mai ɗauke da jariri. Mas'ud ɗan Anka ne, gyaran rediyo da talabijin ya kawo shi garin. Da ya ɗago ya gan ta, sai da dalma ta ɗiga masa a yatsa kafin ya tuna da abin da ke hannunsa.

"Sannu da aiki. An ce kana taɓa gem," in ji ta.

"In ya yarda a taɓa shi. Mi yas same shi?"

Ta kwance ɗankwalin. Tsohon gem ne, abin wasan yara na talabijin, mai cin kaset, farinsa ya koma ruwan ƙasa, da kaset guda ɗaya tak.

"Na ƙanwata ne, Safa. Shekararta tara, sikila gare ta, ba ta fita wasa. Wanga shi ne dandalinta. Yanzu ɗan mutumin da ke tsalle a ciki ya wargaje, kai nan, ƙafa can, sama duk ta cika da ɗigo-ɗigo."

Ya jona gem ɗin da ƙaramar talabijin ɗinsa. Hoton ya fito kamar tabarmar da akuya ta ci. Ya sauya wayar eriya, bai gyaru ba. Ya sauya adafta, haka nan. Sai ya sa wani kaset nasa, hoto ya fito tas.

"Gem ɗinku lafiya lau yake, Malama. Kaset ne ke ciwo."

Ya juya bakin kaset ɗin ga haske, ya nuna mata jerin haƙoran tagulla da suka yi kore. Ya naɗe auduga a tsinke, ya tsoma a sipirit, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya bari suka bushe. Da ya mayar, ɗan mutumin ya tsaya da ƙafafunsa, ya kama gudu.

Murjanatu ta yi murmushi, ita kaɗai ta san irin kukan da aka sha a gida saboda wannan ɗan mutum.

"Ki bar mini lambarki," in ji Mas'ud, "ko da zai sake."

"Ko da zai sake, ko kana fatan ya sake?"

Ya rubuta lambar a bayan kwalin batir.

Ya sake kuwa. Bayan kwana goma ta dawo da shi, sannan bayan mako biyu. Duk zuwan sai ta taso daga firamaren da take koyarwa, alli a gefen mayafinta, ta zauna a bencinsa yana gogewa suna hira. Kafin damina ta sauka an fara saƙo.

"Haskena, yau na gyara rediyo huɗu, duk wanda na kunna muryarki nake nema."

"Mai gyarana, ka dai kula da yatsunka. Safa ta ce a gaishe da likitan kaset."

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Mas'ud a rai. Koren nan ba ya dawowa da sauri haka sai da danshi. Ya tambayi Murjanatu ko ɗakin yana yoyo, ta ce a'a. Ko Safa na hura masa iska? Ta ce ta hana ta tun ranar farko.

Mahaifin Murjanatu, Malam Salihu, malamin allo ne da ake jin maganarsa a unguwa. Ya riga ya karkata ga aurar da ita ga ɗan ƙanwarsa, Abdulwahabu, ma'aikacin sakatariya a Bukkuyum. Amma da Inna, mahaifiyar Murjanatu, ta matsa, ya yarda mai gyaran ya zo gaisuwa.

Mas'ud ya zo bayan la'asar cikin shadda mai sabuwar guga, kaset ɗin a aljihu, goge na huɗu ke nan. Ya tarar da Abdulwahabu a zaure. Aka gaisa. Malam ya dube shi ya ce, "Kai ne abin ɗiyata ke ta komawa wurinka bai gyaru ba?"

Abdulwahabu ya yi dariya. Dariyar nan ta sa Mas'ud ya so ya nuna ya san aikinsa.

"Allah gafarta Malam, ba daga gyara ba ne. Akwai wani cikin gidan ga da ke tofa wa kaset ɗin yawu. Shi ke cinye tagullar. Jahilci ne kawai, a gano shi a hana shi."

Malam ya ajiye casbinsa a kan buzu.

"Ni ne jahilin," in ji shi. "Duk asuba in na tofa wa Safa addu'a, sai in tofa wa abin da ke sa ta dariya. Ajiye nan. Ka gaida gida."

Mas'ud ya durƙusa yana neman magana, Malam ya riga ya shige.

A ranar aka ce wa Murjanatu kada ta sake taka rumfar nan, kada gem ɗin ya sake fita daga gida. Inna ta roƙa, Malam ya ce mutumin da ya kira ayar Allah jahilci ba zai zama surukinsa ba. Mas'ud ya aiko da limamin kasuwa, aka ba shi ruwa ya koma. Ya aiko da kawunsa daga Anka, bai ma samu ganin Malam ba.

Mas'ud ya aika mata saƙo: "Murja, wallahi ban sani ba. Da na sani da na yanke harshena."

"Na san ba ka sani ba. Amma ubana ka faɗa wa, gaban mutane. Ban san mi zan yi da kai ba, ban san mi zan yi babu kai ba."

Bayan nan ta daina amsawa, don Malam ya sa ta yi alkawari.

Malam bai daina tofi ba, sai ma ya ƙara, kamar mai son ya tabbatar. Cikin kwana tara hoton ya sake wargajewa. Murjanatu ta gwada auduga da sipirit a ɓoye, amma koren ya riga ya shiga bakin gem ɗin kansa, inda tsinkenta ba ya kaiwa. Abdulwahabu ya yi alkawarin sabo daga Gusau. Da ya zo, 'yartsana ya kawo.

Sanyin damina ba ya raga wa mai sikila. Inna tana dafa ruwa, tana gasa wa Safa gaɓoɓi da tawul, tana lallashinta ta sha ruwa ko kurɓi biyu ne. Da can in ciwon ya taso, sai a kunna mata gem, hankalinta ya tafi can har maganin ya kama. Yanzu sai ta riƙe abin dannawa tana kallon tarkacen da ke motsi a gilashi.

"Yaya Murja, shina nan ciki ai, ina jin ƙarar tsallensa. Ganinsa ne ba na yi."

Murjanatu sai ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska.

Mas'ud ya ga zaman Gummi ya gagare shi. Ya kwashe kayansa ya koma Anka, ya kafa teburi a bakin tasha. Mako shida babu ko layi ɗaya daga Murjanatu. Sai wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara, saƙonta ne.

"Safa ta rasu. An kai ta."

Ya hau kabu-kabu zuwa Gummi, ya yi gaisuwa cikin jama'a a ƙofar gida. Malam ya amsa ba tare da ya dube shi ba. Murjanatu kuwa ko inuwarta bai gani ba. Ya koma Anka da yaƙinin cewa magana ta ƙare, har ya ji ana cewa mutanen Bukkuyum za su zo bayan arba'in.

An yi arba'in da kwana uku, Mas'ud na sunkuye kan wata rediyo, aka yi masa sallama. Malam Salihu ne, ya rame, ƙurar hanya a gemunsa, da ƙunshi a hammata. Mas'ud ya zube ƙasa.

"Tashi. Aiki na kawo ma. Ina son in ga abin da Safa take gani."

Mas'ud ya ba shi kujera. Ya kwance gem ɗin. Ya goge kaset, hoto bai dawo ba. Ya buɗe cikin gem ɗin, ya tarar koren ya bi ramin da kaset ke shiga, haƙori biyu sun cinye har sun rabu da allonsu. Ya kankare, ya wanke, ya ɗora dalma da siririyar waya. Malam na zaune yana kallo har aka kira azahar. Suka yi salla suka dawo.

Da ya kunna, sama ta fito shuɗiya, ƙasa kore, ɗan mutumin tsaye cikakke.

Malam ya karɓi abin dannawa kamar mai karɓar ƙwai. Ya danna, ɗan mutumin ya yi taku uku ya faɗa rami.

"Ita tana tsallake wanga?"

"Tana tsallakewa, Malam. An ce har ƙarshe take kaiwa."

Malam ya daɗe yana kallon gilashin. Hawaye ya bi gemunsa bai share ba.

"Wata biyu tana kallon tarkace saboda fushina."

"Bakina ne ya ja, Malam. Yawu nike nufi, ba addu'a ba. Ka yafe mini."

"Gaskiya ka faɗa, ba ka iya faɗi ba. Ni kuma na ji, na ƙi." Ya ajiye abin dannawa. "Ɗiya guda ta rage mini, tana zaune kamar ba ta gidan. Na tambaye ta Abdulwahabu, ta ce duk yadda na yi. Na san wannan amsar. Ka turo manyanka. Amma Innarta ta kafa sharaɗi, na kuma bi bayanta: sai an auna jininku. Ba za mu sake kallon yaro yana irin wancan ciwon ba. In bai dace ba, ku haƙura."

Murjanatu ta riga ta san nata, tana ɗauke da rabin ciwon. Saura nasa. Kwana biyar aka yi ana jiran takarda daga Gusau, ta kasa cin abinci, ta kasa koyarwa. In ya zo irin nata, babu wanda za a roƙa, babu wanda za a aika. Ran na biyar tana tankaɗe a tsakar gida saƙo ya shigo. Ta miƙa wa Inna wayar.

"Ba ni iyawa, Inna."

"Ni da ban iya boko ba? Karanta, ina riƙe da ke."

"Haskena, an duba. Nawa AA ne. Likita ya ce babu abin tsoro. Kawu zai zo Juma'a."

Ta kifa kanta a cinyar Inna, suka yi kuka su biyu, na farin ciki da na wadda ba ta nan.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a zauren Malam, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Da za a tafi da amarya Anka, Malam ya rako ta har bakin mota, abin da bai saba ba. Ya ce wa Mas'ud, "Ga ta nan. In ta yi ba daidai ba, ka faɗa mata ku biyu, a hankali."

"Na ɗauka, Baba."

Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su zuri'a mai ƙoshin lafiya, Ya jiƙan Safa, Ya sanyaya zuciyar iyayenta.