Hancin Mai Kwasar Shara

Ranar da ta fara ganinsa, a yashe take a gindin matattakalar bene, ƙafarta ta dama a karkace, ledar sharar da ta ɗauko ta fashe a jikinta. Wani ɗan hawa na biyu ne ya zubar da man girki bai goge ba.

Shekararta biyu a ƙasar waje, tana karatu tana gugar zannuwan gado a wani otal. 'Yan gidan hayarsu Tsaf-tsaf suke ce mata, don ko cokalinta aka ara sai ta wanke shi sau uku. Yau ga ta da ɓawon ƙwai a ɗankwali.

Sai ga wani dogo cikin rigar aiki ruwan lemo, ya zo jan kwandunan shara. Ya ji tana salati tana kiran Mama da Hausa, ya durƙusa kusa da ita.

"Sannu 'yar'uwa. Kada ki motsa, ƙashin ya fito."

Abin kunya ne a faɗa, amma ba daɗin jin harshen gida ne ya fara zo mata ba, warin rigarsa ne.

"Don Allah ka ɗan matsa," ta ce tana toshe hanci.

Ya matsa ɗin, bai yi fushi ba. Ya kira motar asibiti, ya bi su, shi ya yi ta yi mata tafinta, don yaren ƙasar har yanzu tsintarsa take yi. Aka sa mata ƙarfe a idon sawu, aka ɗinke. Likita ta ce duk bayan kwana uku ta zo wankin ciwo, in ta ji wari ko zazzaɓi kuma kada ta jira. Dogo, haka abokan aikinsa ke kiransa, ya maimaita mata sau biyu, ya bar mata lambarsa.

Tana da mai nemanta, Injiniya, ɗan aminiyar Mama, mutum mai ƙamshi tun daga bakin lifta. Ya zo dubiya da furanni, ya tsaya daga ƙafar gado yana duba agogo.

Zuwanta wankin ciwo na farko, nas na kwance bandeji sai Tsaf-tsaf ta leƙa. Ta ga naman a kumbure, baƙin zare ya nutse a ciki, wani ruwa-ruwa na tsattsafowa. Nan take ta kelaya amai a kan takalmin matar. Nas ta ce ba komai, amma Tsaf-tsaf ta rantse a ranta ba za ta sake kai kanta wannan wulaƙanci ba.

Dogo kan turo saƙo kullum da safe.

"Gimbiya, ya ƙafa? Kin je wanki?"

"Na je. Wa ya ce ka ce min Gimbiya?"

"Wadda ta kori mai taimakonta ƙashinta a waje, ai sarauta ce da ita."

Ta yi dariya ita kaɗai, abin ya ba ta haushi. Duk Talata yakan hawo har hawa na uku ya ɗaukar mata shara, ya tsaya a bakin ƙofa su yi hira, ba ya shiga. Ta fara lura da cewa farcensa a yanke yake tas, kuma in zai zo sai ya canza riga.

Ana nan ƙafa ta fara tashi da wari. Injiniya ya leƙo, ya yamutsa fuska, ya ce ɗakin yana buƙatar iska. Washegari ya aiko da kwalbar turare mai tsada. Ita kuwa, da wayonta da karatunta, ta riƙa fesa shi a kan bandejin safe da yamma.

Ranar Talata Dogo ya miƙa hannu zai karɓi leda, sai ya tsaya cak.

"Gimbiya, ba ki je wanki ba."

"Na je mana."

"Shekarata shida a aikin nan. Na san warin ruɓaɓɓiyar shinkafa, na san na kifi, na san na nama. Wanda ke ƙarƙashin turaren nan na nama ne."

A duniya a rasa mai ce mata tana wari sai mai kwasar shara.

"Kai ne za ka ce min ina ɗoyi? Kai?"

Ta buga ƙofa a fuskarsa, ta dogara sandunanta ta koma gado tana kuka. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Ki zage ni duk yadda kike so, na yafe tun yanzu. Amma ƙafar nan za a yanke in kika ƙara kwana. Na tafi ɗauko Yayata, ita za ta kama ki. Ki buɗe mana don Allah."

Da suka iso zazzaɓi ya riga ya rufe ta, ko musu ba ta iya ba. Suka wuce da ita asibiti.

Abin da aka gani da aka kwance bandejin ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci. Mugunya ta jiƙa audugar sharkaf, fatar ta yi kore-kore, warin ya haɗu da turaren ya zama wani abu na daban, har nas ta ƙara takunkumi a kan na fuskarta. Tsaf-tsaf ta ji ƙyamar kanta kamar ta cire ƙafar ta jefar. Amai ya taso mata, Dogo ya tara roba, ya je ya zubar, ya wanke, ya dawo ya sake tarawa.

An kira Injiniya. Ya zo har ƙofa, ya leƙo, ya juya. Saƙonsa ya shigo tun kafin ya kai lifta.

"Ki yi haƙuri, zuciyata ba ta ɗaukar irin wannan. In kin warke ma yi magana."

Likita ta ce da an ƙara kwana biyu, daga ƙasan gwiwa za su yanke, kuma ko yanzu ba ta yi alkawari ba. Sati uku ana kankare ruɓaɓɓen nama, ana ƙarin ruwa da allurai. Kullum in ya tashi aiki sai ya zo ya zauna, ya yi tafinta, ya dubi ciwon ido buɗe ya gaya mata gaskiya, yau ya fi jiya ko bai fi ba.

Ranar da likita ta ce ƙafa ta tsira, Tsaf-tsaf ta kasa haɗa ido da shi.

"Na wulaƙanta ka, mai hancina."

"Ki biya ni mana."

"Da me?"

"Da lambar Baba."

Da zancen aure ya kai gida, Mama ce ta ƙi. A kiran bidiyo ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Duk karatun nan ki ƙare a hannun mai shara? Me zan ce wa aminiyata?"

Tsaf-tsaf ba ta yi gardama ba. Ta juya wayar ta haska ƙafar, wadda a lokacin ma ta yi kyau.

"Kawar min da abin nan," Mama ta ce tana runtse ido.

"Mama, ke da kika haife ni kin kasa kallo. Shi sati uku yana kallo, lokacin da ta ninka haka muni."

Can aka ji muryar Baba daga gefe yana cewa a haɗa shi da yaron a waya su gaisa, zai bincika halinsa, sana'a kuwa ba ta dame shi ba.

Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Yayarsa ta cika ɗan falonta da maƙwabta da abokan aiki, har nas ɗin da ta yi wa amai a takalmi ta zo. Aka jingina waya a kan tebur don su Mama su gani. Mama ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan ta ce:

"Tashi ki taka in gani."

Amarya ta miƙe ba sanda, ta tako daga ƙofa har gaban tebur, tana ɗan ɗingishi. Mama ta share ido da bakin mayafi.

"Ina angon? Matso nan, ɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ƙafa biyu na tura ta ƙasar nan, kai ka sa har yau biyu ne."