Rafin Da Jethro Ya Cike

"Baban Becky, ka cike rafi ka gina ɗaki a kai, ga yarinya tana shaƙewa kamar mai nutsewa. Mu tashi daga Kamazou," Celina ta ce cikin kuka.

"Ciwon asma ne kawai," in ji mijinta Jethro, wanda tun da ya bar aikin soja yake jin kansa gwamna.

Bayan magariba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce mai warin laka, zanenta na ɗiga a tsakiyar rani.

"Ta nan nake gangarawa kogi," ta ce, tana nuna gadon Becky. "Wa ya kwantar min da yarinya a hanya?"

Celina ta dubi ƙasa. Tsohuwar ba ta da ƙafafu, sai ruwa yana malalowa cikin ɗakin. Ta sungumi 'yarta, ta fice ta baya, ta bugo ƙofar, ta bar gwamna da baƙuwarsa.